Karen da ƙarfinsa ya fi tsakar gida: sarƙa ce maganinsa ko aiki?

Magidanci daga Kaduna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin kiwon kare, domin al'amarin nawa ya kai inda ba zan iya ci gaba da yin shiru ba. Shekara guda ke nan da na karɓi ɗan kwikwiyo daga hannun wani abokin aikina, bayan ɓarayi sun haura mana katanga har sau biyu a damina ɗaya, suka tafi da injin jan ruwa da awaki biyu. Karen ruwa biyu ne. Ubansa Boerboel ne, irin manyan karnukan nan na Afirka ta Kudu, uwarsa kuma karyar gida ce irin tamu, doguwa siririya. Ya ɗauko faɗin ƙirji da kaurin wuya na ubansa, ya ɗauko dogayen ƙafafu da zafin nama na uwarsa. Yanzu watansa 14, kuma da na ɗora shi a sikeli a watan jiya nauyinsa kilo 34 ne, duk tsoka, babu kitse.

Da rana a ɗaure yake da sarƙa a gindin mangwaro, sai ƙarfe goma na dare nake sakinsa a tsakar gida. Tun da ya cika wata takwas halinsa ya fara sauyawa. Ya tone gindin mangwaron har saiwa ta fito, ya tattaune bututun ruwa sau biyu, yana haushi tun daga hantsi har la'asar ko da babu wanda ya taɓa ƙofa, kuma idan aka sake shi da dare sai ya yi ta zagaye gidan a guje kamar wanda ake kora. Abin da ya fi tayar mini da hankali ya faru ne a makon jiya, lokacin da babban ɗana mai shekara 13 ya riƙe sarƙar domin a share wurin: karen ya hango akuyar maƙwabta ta ƙofar da aka bari a buɗe, ya fizgi yaron ya ja shi a ƙasa har gwiwarsa ta ƙuje. Bai taɓa cizon kowa ba, kuma idan ina kusa da shi yana kwantar da kai. Amma uwargida ta ce ko dai a samo mafita ko a mayar da shi inda aka ɗauko shi, kuma ban ga laifinta ba. Shin akwai gyara, ko kuwa na ɗauko abin da ya fi ƙarfin gidana?

Alhaji mai gonar kaji

Wa alaikumus salam. Malam, ni a ganina karenka lafiyarsa lau, abin da aka saye shi dominsa shi yake yi. Shekara tara ina ajiye karnuka a gonata, kuma abin da na gani shi ne karen da ya saba da mutane ba ya gadi. Idan ka fara fita da shi yawo yana ganin mai shayi da mai kayan miya da 'yan makaranta, ranar da ɓarawo zai haura katanga kaɗa masa jela zai yi. Shawarata ita ce ka sa maƙeri ya yi maka keji mai ƙarfi a bayan gida, ka lulluɓe shi ta yadda ba zai riƙa ganin kowa ba sai mai ba shi abinci, ka sake shi da dare kamar yadda kake yi. Ka kuma sauya sarƙar da wadda ta fi ta kauri, ka hana yara zuwa kusa da shi. Wannan zafin da kake kuka da shi, wasu kuɗi suke kashewa suna nemansa.

Likitan dabbobi daga Zariya

Alhaji, Allah ya ƙara arziki, amma a nan dole in saɓa maka, kuma zan yi bayani dalla-dalla domin wannan fahimta ta yaɗu ƙwarai, kuma mu ne muke ganin ƙarshenta a teburin asibiti.

Duk abin da mai tambaya ya lissafa, da tonon ƙasa da tauna bututu da haushi marar dalili da gudun zagaye, alamun abu guda ne: dabba ce mai ƙarfi da aka hana ta inda za ta zubar da ƙarfinta. Manoman Afirka ta Kudu sun yi kiwon Boerboel ne domin ya yini yana zagaya gona mai faɗi yana tsaron dabbobi da gida, kuma namijinsa kan haura kilo 60. Karen gida irin namu kuwa kakanninsa a tafiya suka rayu, suna bin mafarauta da makiyaya. To an haɗa jinin mai ƙarfi da jinin mai gudu, sannan aka ɗaure ɗansu a da'irar da ba ta wuce taku huɗu ba, na tsawon awa 16 a kowace rana. Karen da aka yi wa haka ba jarumta yake koya ba, takaici yake tarawa, kuma ba ya iya bambance ɓarawo da almajirin da ya shigo da kwanonsa, ko mai garuwa, ko ɗan maƙwabci da ya biyo ƙwallonsa. Karen gadi na ƙwarai shi ne wanda ya san yadda rana ta yau da kullum take, ya san masu shigowa da izini, saboda haka yana gane abin da ya saɓa wa al'ada. Wanda aka kulle a duhu kuwa kowa baƙo ne a wurinsa.

Game da motsa jiki, kare irin wannan yana buƙatar kamar awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi a rana, a raba gida biyu. Sai dai akwai sharuɗɗa biyu da nake roƙon a kiyaye. Na farko shekarunsa. A ƙarshen dogayen ƙasusuwan ɗan kare akwai guringuntsi wanda ta nan ƙashi yake tsawo, kuma a manyan karnuka ba ya gama ƙanƙamewa sai tsakanin wata 12 zuwa 18. Naka yana tsakiyar wannan lokaci, saboda haka tafiya mai sauri da wasa a kan ƙasa mai laushi sun dace da shi, amma doguwar tsere a kan kwalta da tsalle daga wuri mai tudu da jan kaya masu nauyi a dakata da su tukuna, domin manyan karnuka suna da saurin samun matsalar ƙugu da gwiwar gaba.

Na biyu zafi. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake sanyaya jikinsa. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin 38 da 39 a ma'aunin Salsiyos, idan ya haura 41 rayuwarsa tana cikin haɗari. Mai tsoka da faɗin ƙirji ya fi siriri saurin tara zafi. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake kusantar 40 a Kaduna, yake kuma wuce haka a Kano da Sakkwato da Maiduguri, lokacin fita biyu ne kawai: bayan sallar asuba, da kuma bayan magariba. Kafin ka taka kwalta da shi ka ɗora bayan hannunka a kai, idan ba za ka iya barinsa na daƙiƙa biyar ba, to tafin ƙafarsa ma ba zai jure ba.

Magidanci daga Kaduna

Likita, na gode ƙwarai, kuma na ji nauyin maganar nan ta awa 16, domin ban taɓa lissafa ta ba sai yanzu. Damuwata ita ce yadda zan fita da shi alhali yana jan igiya kamar saniyar da ta ga ruwa. Ni kaina da ƙyar nake tsayar da shi, kuma ƙarfe bakwai nake barin gida.

Matashi daga Jos

Yaya, na sha irin wannan wahalar da nawa, wanda shi ma ruwa biyu ne, Rottweiler da karen gida, saboda haka bari in faɗi abin da ya yi mini amfani. Kare yana jan igiya ne domin ya koyi cewa ja yana kai shi inda yake so. Ranar da ja ya daina kai shi ko'ina, zai daina. Ka fara a cikin gida, ba a titi ba. Ka sa masa igiya mai tsawon kamar mita biyu, ka zuba 'yan gutsattsarin busasshiyar hanta ko dafaffen huhu a aljihu. Ka fara tafiya, da zarar igiya ta miƙe sai ka tsaya cak kamar an dasa ka, kada ka fizge shi, kada ka yi masa tsawa. Da zarar ya waiwayo igiyar ta saki, sai ka yabe shi da kalma guda wadda ba za ka riƙa sauyawa ba, ka ba shi gutsure ɗaya a daidai gefen ƙafarka, ku ci gaba. A kwanakin farko za ka iya shafe minti goma ba ka kai ƙofar gida ba, kuma a nan ne yawancin mutane suke karaya. Nawa sai da muka yi kusan mako uku kafin mu iya kaiwa bakin layi igiya tana lilo.

Ka daina ɗaura sarƙar ƙarfe a wuyansa idan za ku fita. Akwai ɗamarar ƙirji da ake sayarwa, wadda zoben igiyarta yake a gaban ƙirji, idan ya ja sai jikinsa ya juyo wajenka maimakon ya samu abin dogara. Idan ba ka samu ba, masu ɗinkin jaka suna iya yin ta da igiyar bel mai faɗi in ka nuna musu hoto. Kuma kada yaro ya sake riƙe shi har sai ya koyi wannan a hannunka. Ni yanzu da nawa ya cika shekara biyu, ina ɗaura masa tsohuwar tayar Keke Napep yana ja a fili, wani lokacin kuma ina hawa babur a hankali yana bina a guje.

Likitan dabbobi daga Zariya

Ƙanena, bayaninka a kan igiya daidai ne, ba ni da abin ƙarawa. Jan taya ma babu laifi ga wanda ya cika shekara biyu, muddin da ɗamara ce mai faɗi ba da wuya ba. Amma maganar babur ina roƙonka ka bar ta. Kare mai biyayya zai bi ubangidansa har ya faɗi, ba zai tsaya ya nuna ya gaji ba, kai kuma da kake kan babur iska tana kaɗa ka, ba ka jin abin da yake ji. Alamun da za a lura da su su ne haki mai tsanani da harshe ya zazzago ya yi faɗi, da yawu mai kauri, da dasashi ya yi ja wur, da tangaɗi ko amai. Idan aka ga haka a kai shi inuwa nan take, a riƙa kwarara masa ruwan randa a kan cikinsa da hammata da ƙafafu, a yi masa fifita, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan idan yana iya sha, sannan a garzaya asibiti ko da ya nuna ya farfaɗo, domin illar da zafi yake yi wa ƙoda ba ta bayyana a take.

Baba mafarauci daga Ningi

Jikana ne yake rubuta mini wannan. Na ji duk abin da kuka faɗa, kuma likita ya yi gaskiya, amma akwai abin da ban ji an ambata ba, wato hanci. Na haura shekara arba'in ina shiga daji da karnuka, kuma abin da na sani shi ne gudu ba ya gajiyar da kare kamar yadda bin sawu yake gajiyar da shi. Karen da ya yini yana gudu zai sha ruwa ya tashi yana neman ƙari, amma wanda ya yi awa guda yana bin warin zomo ko gafiya a cikin ciyawa, idan ya dawo kwanciya yake yi har gari ya waye.

Ɗana, ba sai ka je daji ba. Abincin da kake zuba masa a kwano ya cinye kafin ka juya baya, ka raba shi biyu. Rabi ka ba shi a kwano, rabi ka ɓoɓɓoye a tsakar gida, a bayan turmi, a ƙarƙashin tsohon buhu, a gindin bango, ka sake shi ya nema. Da farko ka bari yana kallonka, daga baya ka ɓoye ba ya gani. Haka muke fara koya wa 'yan kwikwiyo, muna jan fatar zomo a ƙasa mu ɓoye ta. Kuma idan kun fita kada ka hana shi shinshina, ka ba shi lokaci ya tsaya a gindin itace ya karanta abin da ya wuce ta wurin da dare. Tonon ƙasa kuma ba za ka iya raba shi da shi ba, sanyi yake nema. Ka ware masa kusurwa guda ka zuba yashi, ka riƙa yayyafa ruwa, ka binne masa wani abu a ciki, zai bar maka gindin mangwaro.

Abu na ƙarshe, duk lokacin da kuka dawo ka ɗaga ƙafafunsa huɗu ka duba tsakanin yatsu. Ƙaya da tsidau da ƙarangiya a nan suke maƙalewa, kaska ma a nan take ɓuya da cikin kunne. Wannan dubawar tana sa ya saba da hannunka, ranar da zai ji ciwo ba zai hana ka taɓa shi ba. Mu ba mu dukan karen da muke so ya shiga rami dominmu, wanda aka saba duka ranar tsoro gudu yake yi.

Hajiya daga Tawa

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Abin da ka faɗa na gan shi da idona a wajen Buzaye a yankin Abalak na ƙasar Nijar, inda suke da dogayen karnukan nan na Azawak. Ban taɓa ganin an ɗaure ɗaya ba, suna tafiya da raƙuma da awaki, suna kwana kusa da tanti, kuma duk da haka baƙo ba ya isa kusa ba tare da sun sanar ba. Saboda haka ban yarda cewa sai an kulle kare yake gadi ba.

Amma ina so in yi magana a madadin matar gidan da kuma maƙwabta, domin duk shawarwarin nan na jin daɗin kare ne. A daji fili ne, a gari kuwa lungu ne mai cike da yara masu zuwa makarantar allo da asuba, da tsofaffi masu dawowa daga masallaci, kuma yawancin mutanenmu suna tsoron kare, wasu kuma suna ƙyamar ya taɓa musu tufafi. Idan Malam zai fita da kare mai kilo 34 wanda ya riga ya ja yaro a ƙasa, haƙƙin mutanen unguwa ne a tabbatar ba zai kuɓuce ba. Ƙanwata ta taɓa kwana uku tana neman allurar cizon kare wa ɗanta daga wannan asibiti zuwa wancan, ban manta tashin hankalin da muka shiga ba. Ina so likita ya yi magana a kan wannan kafin a ci gaba da maganar yawo.

Likitan dabbobi daga Zariya

Hajiya, kin yi daidai da kika dawo da mu kan wannan, da shi ya kamata in fara. Kada karen nan ya taka waje sai an tabbatar da allurarsa ta rigakafin haukar kare, da katin shaida a hannu. Ana yin ta farko ne yana da wata uku, sannan a nan ƙasar muna sabunta ta duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa wannan allura, kuma ana samunta a asibitocin dabbobi na gwamnati da na jami'o'i irin na Ahmadu Bello a Zariya da Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A je wurin da ake ajiye ta a firji, domin allurar da ta yini a cikin zafi a jakar mai yawo ba abin dogaro ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum kusan babu tsira. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya shafa gashin karen ko wani abu a kan ciwon. Karen kuma kada a kashe shi cikin fushi, a tsare shi a lura da shi na kwana goma, domin halin da zai shiga yana taimaka wa likitoci.

Ga mai tambaya kuma, a watannin farko ka sa masa takunkumi irin mai kama da kwando, wanda zai iya buɗe baki ya yi haki ya sha ruwa a ciki. Wanda yake matse baki ruf bai dace da tafiya ba ko kaɗan a ƙasa mai zafi. Ka saba masa da shi a gida ta hanyar sa abinci a ciki. Ka zaɓi hanyar da ba ta bi ta ƙofar masallaci ko makaranta ba, ka sanar da mai unguwa da maƙwabtanka na kusa, kuma kada ka kwance igiya sai a fili mai katanga.

Malami daga Katsina

Ina so in ƙara kalma biyu ta fuskar addini, tun da Hajiya ta taɓo maganar tufafi. Hadisi ya yi rangwame a kan ajiye kare domin farauta da kiwo da tsaron gona, kuma malamai da yawa sun yi ƙiyasin tsaron gida a kan waɗannan idan akwai buƙata ta gaskiya, irin wadda ɗan'uwanmu ya bayyana. A mazhabar Malikiyya da muke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai kuma bin umarni ne. Duk da haka wasu mazhabobin suna ganin najasa ne, saboda haka kiyaye tufafin mutane ladabi ne da ya wajaba a kan mai kare. Amma abin da ya fi damuna a wannan zance shi ne ɗaurin. Mun san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, mun kuma san na mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya ajiye dabba domin amfaninsa ya ɗauki amanarta, kuma lulluɓe ta a cikin duhu da gangan domin ta haukace ba abu ba ne da zan iya samar masa hujja.

Alhaji mai gonar kaji

Malam, na ji, kuma maganar lulluɓe keji na janye ta. Amma ina nan a kan cewa gona daban, ra'ayin asibiti daban. Ni ba na fita yawo da nawa, kuma ba su taɓa cizon ma'aikacina ba. Sai dai da na yi tunani, gonar tawa kadada biyu ce da katanga, tun magariba suke sake har hantsi, su uku suna kokawa da juna, wataƙila shi ya sa ban ga irin matsalar mai tambaya ba. Abin da har yanzu ban gamsu da shi ba shi ne a bar kare ya saba da kowa. Kuma ina so a yi maganar abinci, domin ni na san kare mai tsoka nama yake so, wasu ma suna cewa a sa masa barkono domin ya ƙara zafi.

Likitan dabbobi daga Zariya

Alhaji, ai ka ba da amsar da kanka: naka suna samun awa goma sha wani abu a kadada biyu, nasa yana samun tsakar gida. Kuma ban ce ya saba da kowa har ya riƙa bin baƙo ba. Abin da ake so shi ne ya ga mutane a hanya ya wuce su ba tare da tashin hankali ba. Tsaron gida yana cikin jininsa, tafiyar asuba ba za ta goge shi ba.

Barkono ba ya ƙara wa kare komai sai ciwon ciki da gudawa. Nama kuwa yana buƙatarsa, amma nama zalla ba cikakken abinci ba ne, musamman ga mai tasowa, domin ba shi da isasshen sinadarin gina ƙashi. Wanda ba zai iya sayen abincin buhu ba yana iya dafa tumbi da huhu da 'yar hanta daga mahauta, ko kifi da ƙwai, ya haɗa da shinkafa ko tuwon masara da kabewa ko karas, likita ya rubuta masa abin da zai cike giɓin ƙashi gwargwadon nauyin karen. Ragowar miyar gida ita ce matsala, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare ko an dafa su. Goro da cakulan da inabi da zabibi duk guba ne a gare shi, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya huda hanji. Kada a ba shi parasitamol ko ibuprofen na mutane. A raba abincin sau biyu a rana, kuma kada a fita gudu da shi sai an samu aƙalla awa guda tsakaninsa da cin abinci, domin karnuka masu zurfin ƙirji cikinsu yana iya kumbura ya murɗe, kuma wannan yana kisa cikin sa'o'i. Ruwa kuwa, mai kilo 34 yana shan kusan lita biyu a rana, fiye da haka a bazara, saboda haka a ajiye shi a inuwa cikin mazubin da ba zai iya kifarwa ba. Hanyar gane ko abincin ya yi daidai ita ce ka shafa gefensa: ya kamata ka ji haƙarƙari a ƙarƙashin hannunka ba tare da ka danna ba, amma kada ka hange su daga nesa.

Magidanci daga Kaduna

'Yan uwa, na dawo bayan mako huɗu domin in ba ku labarin inda aka kwana. Da na duba katinsa sai na tarar allurar haukar kare ta kusa cika shekara, saboda haka na fara da sabunta ta, aka kuma ba shi maganin tsutsar ciki. Na cire sarƙar gaba ɗaya. Na sa an kewaye gefen mangwaron da waya mai ƙarfi, tsawon taku goma sha biyu, da rumfa da kusurwar yashi kamar yadda Baba ya ce, a nan yake yini a sake. Mako biyu na farko a tsakar gida muka yi su muna koyon igiya, kuma gaskiyar ƙanena na Jos ce, na kusa karaya a kwana na huɗu. Yanzu ina dawowa daga masallaci da asuba mu fita minti 40 ta bayan unguwa wajen gonaki, da takunkuminsa, bayan isha'i kuma mu yi minti 20, sannan yara su ɓoye masa rabin abincinsa ina tsaye. Haushin rana ya ragu ƙwarai har maƙwabcina ya tambaye ni ko na sayar da shi, bututun ruwa kuma bai sake taɓa shi ba. Alhaji, shekaranjiya da dare wani ya tsaya a jikin katanga yana waya, karen ya tashi gidan gaba ɗaya, saboda haka ta wannan fuskar ban ga ragi ba.

Abin da bai gyaru ba shi ne akuya. Idan ya hango ta jikinsa har rawa yake yi, kuma ɗamarar ce kawai take taimakona. Sannan tun da muka fara bi ta gonaki nake cire masa kaska kusan kullum a kunne, wani kuma ya ce in fesa masa fiya-fiya.

Likitan dabbobi daga Zariya

Kada ka kusantar da fiya-fiya ko wani maganin ƙwarin gona ga jikinsa, fata tana tsotse shi, yana kuma lasa, mun sha karɓar karnuka suna karkarwa da dalalar yawu saboda haka. Akwai maganin kaska na karnuka, na ɗigawa a ƙeya da na haɗiya, ana ba da shi gwargwadon nauyi, ka karɓa a inda aka yi masa allura. Wadda ta riga ta kama, ka kama ta daf da fata ka ja a miƙe, kada ka matse cikinta. Ka riƙa ɗaga leɓensa kana duba dasashi, idan ya yi fari, ko ya ƙi abinci, ko fitsarinsa ya yi duhu, a gwada jininsa a ranar, domin kaska tana ɗauke da cututtukan da ke fasa jini. Ka kuma duba tsagogin bangon wurin kwanansa, a nan take yin ƙwai.

Maganar akuya kuma, ka fara daga nesa, inda zai gan ta amma har yanzu yana iya jin kiranka ya karɓi hanta daga hannunka. Idan ya ƙi karɓa, kun matsa kusa da yawa, ka ja baya taku goma. Ka riƙa rage tazarar kaɗan-kaɗan a cikin makonni, kuma ko ya nuna ya haƙura, kada ka bar shi da akuya su biyu babu mai kallo.